Yadda Ake Karanta Tarihin Babur Kafin a Saya

Gabatarwa

A garuruwa da ƙauyukanmu, babur shi ne dokin talaka. Da shi malami ke zuwa makaranta, da shi manomi ke kai amfani kasuwa. Saboda tsadar sabo, da yawa na hannu suke saya, kuma a nan ne akan yi cinikin biri a sama. Mai sayarwa yana iya sake fenti, ya kuma juya agogon da ke ƙirga kilomita. Abin da ba zai iya ɓoyewa ba shi ne cin da gogayya ta yi wa ƙarfe, domin duk inda ƙarfe biyu ke gugar juna sai sun bar alama. Wannan darasi zai nuna yadda ake karanta waɗannan alamomi.

Takardu da lambobi

Kowane babur yana da lambar inji da lambar shasi, wato ƙashin jikinsa. A yawancin babura na zamani, lambar shasi tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. A kwatanta lambobin da ke jikin ƙarfen da waɗanda ke cikin rasit da takardun rajista. In an ga alamar kankara ko walda a wurin, to, a haƙura da cinikin, domin wanda aka kama da babur ɗin sata shi zai fara amsa tambaya a gaban hukuma.

Inji da hayaƙinsa

A nemi a tayar da injin yana sanyi. Zafi yana sa ƙarfe ya buɗe kaɗan, don haka injin da aka riga aka ɗumama yakan tashi da sauƙi ko da ya gaji. Daga nan sai a duba salansa. A inji mai bugu huɗu, irin na Bajaj Boxer, baƙin mai yana zaune ne a ƙasa, ringin fistin kuma suna hana shi hawa inda fetur ke ƙonewa. In ringin sun cinye, man zai hau ya ƙone, sai a ga shuɗin hayaƙi. Baƙin hayaƙi kuwa alama ce ta fetur ya yi wa iska yawa, ko dai daga kafireta ko daga toshewar matatar iska. Amma inji mai bugu biyu, wanda ke ƙone mai tare da fetur, shuɗin hayaƙi kaɗan ɗabi'arsa ce.

Fulogi ma shaida ne. In bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, ƙonewa tana tafiya daidai. In ya yi baƙi da danshin mai, to, ya gaskata abin da hayaƙin ya faɗa.

Sarƙa da tayoyi

Sarƙar babur tana ƙara tsawo ne saboda ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta suna cinyewa. A ja ta daga bayan faifan haƙoran da ke ƙafar baya. In ta ɗago har aka ga rabin haƙori, ta tsufa. Haƙoran da suka yi tsini ko suka lanƙwashe suna nuna doguwar tafiya, ko da agogo ya ce ba haka ba.

Tayoyi da yawa suna ɗauke da ranar haihuwarsu. Tun daga shekarar 2000, alƙaluma huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ta tsage da zafin rana ko da zanenta bai cinye ba.

Tarihin haɗari da birki

Babur da ya taɓa yin mummunan karo yakan karkace. A miƙar da igiya daga gefen tayar baya zuwa gaba, a ɓangarorin biyu. In tazarar igiyar da tayar gaba ta bambanta hagu da dama, ko dai an ɗaura ƙafar baya a karkace, ko shasin ya lanƙwashe. Sabuwar walda a wuyan babur ita ma abin tuhuma ce.

A gwada birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya. Ilimin kimiyya ya nuna cewa in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin a tsaya yana ninka sau huɗu. Saboda haka birkin da ya yi sanyi a gudun kilomita 30 cikin awa ɗaya, ba zai ceci kowa a gudun 60 ba.

Kammalawa

Alama guda ba ta isa a yanke hukunci ba. Sai an haɗa shaidar takardu da ta hayaƙi da ta sarƙa, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Ya kyautu kuma a tafi da bakanike amintacce, wanda ba shi da rabo a la'adar dillali.

Aikin ɗalibai

Da izinin masu su, ɗalibai su karanta shekarun tayoyin babura biyar a harabar makaranta, su kawo wa malami sakamakon.