Kada Ka Yi Wa Tsohon Agogo Kwalliya

Ɗana, na ji an ce zuciyarka ta karkata ga tsofaffin agogunan hannu. Madalla. Sha'awa ce mai kyau, tana koya wa mutum natsuwa. Zauna in gaya maka abin da masu tara su ke dubawa, don kada ka yi asarar kuɗinka, kada kuma ka ɓata abin da ke hannunka da kyakkyawar niyya.

Agogo biyu na iya fitowa daga kamfani ɗaya, lambarsu ɗaya, amma su sha bamban. Ɗauki Rolex Submariner, agogon masu nutso a teku. Akwai samfurinsa mai lamba 5513, an fara yin sa a 1962, ba a daina ba sai 1989. Lambar ba ta canza ba, fuskar kuwa ta yi ta sauyawa. Na farko-farko baƙar fuska ce mai sheƙi, rubutunta ruwan zinariya. Kafin shekarun 1960 su ƙare aka koma baƙi marar sheƙi da farin rubutu. A ƙasan fuskar akan rubuta zurfin ruwan da agogon zai jure. Da can mita ake fara sawa, mita 200, sannan ƙafa 660. Daga baya aka juya, ƙafa ta zo gaba. Kai za ka ce ai duk ɗaya ne. Wurin masana kuwa wannan ɗan juyin yana faɗin zamanin da aka buga fuskar, kuma yana taɓa farashi. Ƙanensa mai lamba 1680, wanda ke nuna kwanan wata, a shekarunsa na farko da jan fenti aka rubuta sunan Submariner, daga baya aka mayar da shi fari. Layi ɗaya tak, ɗana, amma ana zuba kuɗi a kansa.

Kada ka ɗauka kamfanin ya tsara haka ne don 'yan baya. A wancan lokaci agogo kayan aiki ne. Fuskokin ma wasu ƙananan masana'antu ne na Suwizalan, irin su Singer, ke kawo masa. In aka sake mai bugawa ko aka sake fenti, sai rubutu ya ɗan canza, ba wanda ya damu. Sai da shekaru suka ja, mutane suka zauna da gilashin ƙara girma suna jera agogo kusa da agogo, suka gane kowane ɗan sauyi shaida ce ta shekarar da aka yi shi. Wani lokaci ma abin da aka ƙi jiya shi ake rububi yau. Rolex Daytona na da wata fuska ta daban da masu saye ba su cika so ba a shekarun 1960. Irinta ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman ke ɗaurawa, kyautar matarsa. A watan Oktoba na 2017 aka yi gwanjon nasa a birnin New York, ya tashi kusan dala miliyan 17.8.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Tunda waɗannan ƙananan alamu su ne darajar agogon, abin tsoro gare shi ba tsufa ba ne, gyara ne. Mai gyara mutumin kirki ne, so yake ka ga kayanka ya fito tas. Sai ya cire fuskar da ta koɗe ya sa sabuwa, ya sauya hannaye, ya goge jikin da inji har kaifin gefunansa ya tafi. Ka karɓa kana murna, alhali garin neman gira an rasa ido. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Koɗewar nan da kake gani furfurar agogon ce. Akwai baƙaƙen fuskoki da rana da zafi irin na ƙasarmu suka mayar ruwan ƙasa, kuma in launin ya tafi bai ɗaya, ya kan fi wanda bai koɗe ba tsada.

Dubi kuma ɗan farin sinadarin da ke kan lambobi da hannaye, mai haske cikin duhu. Har farkon shekarun 1960 da radiyom ake haɗa shi. Bayan nan aka koma tiritiyom, shi ya sa za ka ga harafin T kusa da kalmar SWISS a can ƙasan fuska. Ƙarfin tiritiyom na raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Saboda haka agogon 1970 da ke ta haske har asuba, an taɓa shi. Wanda ba a taɓa ba, sinadarinsa ya dushe, ya koma launin madara ko ruwan ƙwai, kuma na hannaye ya kan yi kusa da na lambobi. Na radiyom kuwa, ina roƙonka, kada ka buɗe shi da kanka, kada ka kankare. Haskensa ya mutu, amma gubarsa tana nan, ƙurarsa kuma cuta ce in ta shiga jiki.

Kada ka ji kunyar tambaya, matambayi ba ya ɓata. Manya ma an rufe su. A watan Nuwamba na 2021 aka sayar da wani Omega Speedmaster samfurin 1957 a Janeba, mai fuska ruwan ƙasa, a kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan. Kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 ya fito ya ce ashe haɗin gambiza ne, an tsinto sassa daga agoguna daban-daban, ya kuma zargi tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. In haka ta faru da masu abin, kai da ke kallon hoto a waya sai ka bi a sannu.

Shawarata, ka fara da na gida. Seiko 5, wanda Japan ta fito da shi a 1963, da yawa ya shigo gidajenmu a jakar alhazai, tsarabar Makka. Wataƙila akwai guda a akwatin mahaifinka. Juya bayansa. A jerin lambobin da ke kan murfin, ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka yi shi, ta biyu kuma wata. Oktoba, Nuwamba da Disamba da haruffa ake sa su, O, N da D. Akwai kuma lambar inji mai alƙaluma huɗu a bayan, ita ce za ka sake gani da ƙanana a ƙasan fuskar. In ba su dace ba, fuskar baƙuwa ce. Waɗannan masu launi kala-kala da ake tallatawa a intanet da ɗan kuɗi kaɗan, yawancinsu sake musu fenti aka yi. Arha ba ta ado.

In ka kai shi wurin mai gyara, ka gaishe shi da ladabi, ka yi masa bayani dalla-dalla. A wanke inji, a sa mai, a sauya robar da ke tare ruwa. Fuska da hannaye da jiki a bar su yadda suke. In dole sai an cire wani abu, a ƙulle maka tsohon a takarda, ka adana shi tare da agogon, domin wanda zai gaje shi a hannunka zai so ya gani.