Rariyar Mai a Jikin Babur: Inda Take da Yadda Ake Kula da Ita

Sau da yawa babur yakan riƙa shaƙewa a kan hanya. A ja totur ya yi kamar zai mutu, a tsaya jim kaɗan ya tashi lafiya lau, a yi gaba ya sake. Mai shi sai ya ɗora wa fulogi laifi, ya sayi sabo, ciwo kuwa yana nan. Sau da yawa mai ne ba ya isa kafireta yadda ya kamata, don rariyar da ke tace shi ta toshe.

To, ina take? Leƙa ƙarƙashin tanki, inda makullin mai yake, wanda kake murɗawa in za ka shiga rizab. A yawancin baburan da muke hawa, irin su Boxer da Jincheng, makullin nan yana da wata siririyar raga da ta shige cikin tanki, ba a ganinta sai an kwance shi. Waɗansu kuma suna da ɗan ƙoƙo a gindin makullin, inda ruwa da dauɗa suke kwanciya. Daga nan bi tiyo da ido har kafireta. In ka ga wani ɗan kwanon roba a tsakani, shi ne filta. Keken a-daidaita-sahu ma haka za ka bi tiyonsa. Janareta da injin ban-ruwa kuwa, tasu ta farko tana bakin tanki, da ka ɗaga murfi za ka gan ta.

Dauɗar nan ba daga sama take faɗowa ba. Ƙurar hunturu ce, da tsatsar tanki, da gindin galan ɗin 'yan bumburutu. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka can ƙasan tanki yake taruwa, rizab kuwa daga can yake jan mai. Wanda kullum a rizab yake yawo, shi ya fi kowa shan wahala.

In za ka wanke, bari inji ya huce, ka yi nesa da wuta da mai shan taba, ka rufe makulli. Kwance ƙoƙon, ka zubar da abin da ya taru, ka ɗauraye shi da fetur mai tsabta. Duba robar bakinsa kada ta tsage, kuma kada ka ɗaure shi da ƙarfin tsiya. Ragar cikin tanki sai an juye mai tukuna. Filta mai takarda a ciki ba a wanke shi, canjawa ake yi, kibiyar da ke jikinsa kuma ta dubi kafireta. Sabbin babura marasa kafireta, tasu tana haɗe da famfon mai, wannan aikin bakanike ne.

Akwai wata mummunar ɗabi'a: rariya ta toshe, sai a huda ta da waya, ko a cire a yar, wai mai ya sami hanya. Zai samu, amma tare da yashi, ƙofofin kafireta kuwa ƙanana ne ainun. Kada ka yarda a yi wa babur ɗinka haka. In dole ta sa ka sayi man galan, shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kan mazurari kafin a zuba, kuma duk ranar juyen baƙin mai ka ce a duba maka rariya.