Eriyar Rada Mai Rahusa da Tsaron Sararin Samaniyar Nijeriya

Duk wanda ya ratsa unguwar Kabong da ke Jos zai ga farantan tauraron ɗan'adam bisa rufin gidaje, kowanne ya fuskanci waje guda. Tsohuwar na'urar rada ma kusan haka take, sai inji ya juya farantinta kafin ta duba wani sashe na sama.

Sabuwar eriyar kuwa allo ne shimfiɗaɗɗe mai ɗauke da ƙananan eriyoyi masu yawa. Kwamfuta ke jinkirta siginar kowacce da ɗan ƙanƙanen lokaci, sai siginonin su haɗu su nufi inda ake so ba tare da allon ya motsa ba. Ta haka rada ɗaya ke bin jirage da dama a lokaci guda.

Tsada ce ta daɗe tana hana ƙasashe masu tasowa mallakarta, domin radar makamin Patriot na Amurka kaɗai tana da ƙananan eriyoyi fiye da 5,000. Farashin ya sauko ne bayan da masana'antun wayar salula da na motoci suka shiga ƙera irin waɗannan sassa da siliki a miliyoyi. Allon intanet na Starlink, wanda ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, irin wannan eriya ce. Sai dai a lura, allon ba rada ba ne. Babbar rada tana buƙatar wuta mai ƙarfi da na'urar sanyaya ta.

A 2003 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Thales na Faransa kwangilar shirin TRACON kan kimanin Yuro miliyan 66, aka ƙaddamar da shi a 2010 da tashoshi tara, ciki har da Kano, Talata Mafara da Numan. Na zirga-zirgar jiragen farar hula ne. Kuma manyan tashoshi 'yan kaɗan ba sa hango ƙaramin jirgi maras matuƙi da ya yi ƙasa-ƙasa a bayan tsaunuka irin na Shere. Ƙananan rada masu yawa ne ke toshe wannan giɓi.

A nan ne, a ganinmu, 'yan kasuwarmu ke da rabo: kafa turaku, samar da wutar hasken rana, da kwangilar kula da na'urori. Mai shiga harkar ya sa kayan gyara a lissafinsa tun farko, domin da kuɗin ƙetare ake sayo su, shekara da shekaru bayan an biya kuɗin na'urar.