Gyaran Hoto a Waya da Kwamfuta: Ina Gyara Ya Tsaya, Ina Algus Ya Fara?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da kusan kowace uwargida ke taɓawa a kullum ba tare da an taɓa zaunar da ita an koya mata ba, wato gyaran hoto. Wata atamfa da leshi take sayarwa ta sitatus ɗin WhatsApp, wata kek da cincin, wata kuma hoton walimar saukar ɗanta take so ta kai a wanke mata ta rataye a falo. Maganar hukuncin hoto kansa malamai sun yi saɓani a kanta, kuma ba ita ce gabanmu yau ba. Wadda ta zaɓi barinsa don tsantseni ta kama abu mai kyau, kuma ita ma tana iya amfana da darasin, tunda haja ba ta da rai.

Mu fara da sanin mene ne hoton. Idan kika buɗe hoto a waya kika yi ta faɗaɗa shi da yatsu biyu, za ki ga ya farfashe ya koma ƙananan murabba'ai masu launi, kamar saƙar tabarma. Kowane murabba'i shi ake kira fiksil. Wayar da aka ce kamararta megafiksil 12 ce, tana nufin hoton da take ɗauka yana da ɗigo miliyan 12, wato kamar 4000 a kwance, 3000 a tsaye. Kowane ɗigo kuma haɗin launi uku ne, ja da kore da shuɗi, kowannensu yana da mataki daga 0 zuwa 255. To duk abin da manhajar gyara take yi, ƙara waɗannan lambobi ne ko rage su. Wannan zai fahimtar da ke dalilin da ya sa farar shadda da aka ɗauka da tsakar rana ba ta gyaruwa: wurin da haske ya kai 255 a duka launukan ya ƙone ke nan, zanen shaddar ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da abin da kamara ba ta kama ba. Hoton da ya ɗan yi duhu ya fi sauƙin ceto, ko da yake idan aka matsa masa da haske sai ya fito da ɗige-ɗige kamar an watsa masa rairayi.

Saboda haka rabin gyara tun wurin ɗauka ne. Ki shimfiɗa kayan a inuwa, bakin taga ko ƙarƙashin rumfa, da hantsi ko bayan la'asar. Ki goge idon kamara da gefen mayafi, don wayar uwargida tare da ita take shiga kicin, kuma tururin mai yana sa hoto ya yi hazo-hazo. Idan abu ya yi nisa ki matsa da ƙafarki, domin jawowa da yatsu a yawancin wayoyi yanke hoton kawai yake yi ya kumbura ragowar.

Manhajojin suna da yawa. Wadda ta fi suna ita ce Photoshop, da wasu 'yan uwan juna biyu a Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fito da ita kasuwa a 1990. Ta ƙwararru ce, kuma tun 2013 aka daina sayar da sababbin fitowarta gaba ɗaya, sai dai a riƙa biyan haya. Ga mai kwamfuta akwai GIMP, wadda ta fito a 1996, kyauta ce kuma halal ce a sauke ta, ba kamar kwafin sata da ake zuba wa mutane a shago ba. A waya kuwa Snapseed ta wadatar. Kamfanin Google ya saye ta a 2012, kuma ba a biyan ko sisi. Gaskiya ma dai, abin gyaran da ya zo cikin wayarki ya isa yawancin aikin da za mu ambata.

Kafin ki taɓa komai ki yi kwafin hoton, ki yi aiki a kan kwafin, ki bar na asali. Dalili shi ne yawancin hotuna a tsarin JPEG ake adana su, shi kuma wannan tsari don ya rage nauyin hoto sai ya zubar da wani abu daga cikinsa duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Kamar miya ce, ɗumame ɗaya ba laifi, amma a na biyar ba ita ba ce. Ki yi duk gyaranki a zama ɗaya, ki adana sau ɗaya.

Sai ki miƙar da hoton idan ya karkace, ki yanke gefen da bokiti ko takalmin yara suka shigo. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda nake so mu daɗe shi ne launi, domin a nan ne rigimar 'yan kasuwa da masu saye take. Sau nawa muka ji ana cewa, "Hajiya ai ruwan hanta na zaɓa, ga shi an kawo mini ja"? Sau da yawa mai kayan ba ta yi nufin cuta ba, hasken ɗakinta ne ya yi mata ƙarya. Kowane haske yana da launinsa: ƙwan lantarki irin na da yana ba da rawaya, wasu fitilun caji suna ba da shuɗi-shuɗi, hasken rana ne a tsakiya. Idon ɗan Adam Allah ya hore masa daidaita wannan da kansa, shi ya sa farar takarda fara kike ganinta dare da rana. Kamara kuwa cinta take yi, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kuskure. Maganin mai sauƙi ne. Ki ajiye farar takarda a gefen atamfar ki ɗauke su tare. A cikin manhaja ki nemi wurin daidaita fari, za ki ga 'yar alama kamar abin ɗiga maganin ido. Ki ɗora ta a kan takardar. Kin gaya wa manhajar ke nan cewa wannan shi ne fari, sai ta gyara sauran launukan a kan wannan ma'auni. Bayan nan ki yanke takardar daga hoton. Sannan ki ɗauki zanen a hannu ki je bakin taga, ki haɗa shi da abin da ke kan waya. Ki tabbata kin kashe wannan yanayin kare ido na dare da ke sa fuskar waya ta yi rawaya, in ba haka ba za ki yi ta gyaran abin da ba ya nan.

Daga nan sai haske. Manhajoji masu kyau sun raba shi: akwai na hoton gaba ɗaya, akwai na wuraren da suka yi fau, akwai na inuwa. Maimakon ki ɗaga na gaba ɗaya, gara ki ɗan rage wuraren da suka yi fau, ki ɗan ɗaga inuwa, sai ki ga aikin zare da duwatsun leshi sun bayyana. Akwai kuma ma'aunin kaurin launi, wanda shi ne jarabar masu sayar da kaya, don da kin ja shi sai atamfa ta yi ta walƙiya kamar yanzu aka sauke ta daga kamfani. Kaɗan ya isa, in ma ba a bar shi ba. Kaifafa hoto shi ne na ƙarshe, shi ma da sassauci, kuma ba ya warkar da hoton da hannu ya girgiza wajen ɗauka. Bayan kin gama ki ajiye wayar ki sha ruwa ki dawo, domin ido yana sabawa da wuce gona da iri.

To ina iyakar? Sananne ne a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurin wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin sai ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya hana shi wannan, ya kuma nesanta kansa daga mai algus. A mazhabarmu ta Malikiyya an halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, amma idan kayan suka zo saɓanin yadda aka siffanta, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Hoton da kika ɗora a sitatus, 'yar uwa, shi ne siffantawarki. Gyaran da zai matso da hoto kusa da yadda kayan suke a ido, wannan gyara ne, har ma amana ce. Amma sa abin goge tabo a shafe inda rini ya zuba a jikin yadi, ko a ɓoye tsagewar kek, ko a ɗauko hoton wata a ɗora a ce nawa ne, wannan jiƙaƙƙen hatsi ne a ƙarƙashin busasshe. Share ƙudan da ya sauka a kan faranti ba komai, don ba ƙudan kike sayarwa ba.

Su ma waɗanda ba addini ya hana su ba sun ga illar abin. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da juna don hoton ya shiga bangonta, aka yi ta sukarta shekara da shekaru. Faransa ta fara aiki da doka a 2017 cewa duk hoton talla da aka rage ko aka ƙara jikin mai tallar sai an rubuta cewa gyararre ne. A watan Maris na 2024 manyan kamfanonin dillancin labarai, irin su AP da Reuters, suka janye hoton Gimbiya Kate ta Ingila da 'ya'yanta saboda an ga alamun taɓawa, har ta fito ta ba da haƙuri.

Wannan ya kawo mu kan fuska, kuma a nan iyaye mata nake yi wa magana. An kawo hoton yarinya za a nuna wa dangin mai nema, an sa filta ta yi fari tas, hanci ya miƙe, ƙuraje sun ɓace, har uwar da ta haife ta sai ta duba sau biyu. Shari'a ta kwaɗaitar da mai neman aure ya ga wadda zai aura don zama ya ɗore, to me hoton nan ya amfanar? Yarinyar aka cuta tun kafin kowa, don ranar da aka gan ta ido da ido, da wata da ba ta taɓa wanzuwa ba za a gwada ta. Kuma waɗannan filtoci ba a kan fatarmu aka gina yawancinsu ba. A 2017 sai da masu manhajar FaceApp suka nemi afuwa saboda filtarsu ta "ƙara kyau" haskaka baƙar fata take yi. Yarinyar da ta tashi tana ganin kanta fara a waya, baƙa a madubi, kada a yi mamaki idan ta fara tambayar kuɗin man bilicin. Wayoyi da dama ma da wannan gyaran fuska suke zuwa a kunne a kamarar gaba; ki shiga ki kashe shi. Hoton fasfo da na katin shaida kuwa ba a taɓa kamanninsu ko kaɗan.

Haka nan a yi hattara da sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ake ba su tsohon hoton Kaka su "sabunta" shi. Ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, cike gurbi suke yi da abin da suka zata, sai ki ga idanu sun canza, tsagar gado ta shafe saboda sun ɗauke ta a matsayin ƙarcewar takarda. Ki ɗauki tsohon hoton a inuwa ba tare da falash ba, ki adana wannan kwafi yadda yake, kome za ki yi ki yi a kan wani.

Sai maganar sirri, wadda ta fi duk abin da ya gabata muhimmanci ga matar aure. An ɗauki hoto a wurin suna, wata baiwar Allah ta fito a baya ba ɗankwali, ko tana shayarwa. Yanke ta wajibi ne kafin hoton ya bar hannunki, kuma ko waɗanda suka fito da shirinsu sai da izininsu. Amma ki sani a wayoyi da yawa yankewa ba ta goge asalin; akwai wurin da za a danna hoton ya dawo cikakke. A 2023 ma an gano wata ɓaraka a wayoyin Pixel da abin yanke hoto na Windows, inda ake iya dawo da ɓangaren da aka yanke daga hoton da aka riga aka tura, kafin kamfanonin su toshe ta. Don haka ki goge na asalin, ki shiga kwandon shara na waya ki sake goge shi, musamman kafin ki ba da waya gyara ko ki sayar. Idan lambar asusu ko adireshi kike son rufewa a hoton alat, kada ki yi amfani da alƙalami mai shara-shara, don da an ƙara haske rubutun zai fito. Ki rufe da baƙi mai kauri, sannan ki ɗauki hoton fuskar wayar ki tura wannan.

Akwai kuma bayanan da ke ɓoye a jikin hoto: ranar ɗauka, irin wayar, kuma idan an bar kamara tana amfani da taswira, har da daidai inda gidanki yake. WhatsApp yana cire waɗannan idan kika tura a matsayin hoto, amma yana matse shi ya rage masa inganci, ko da kin zaɓi alamar HD da aka ƙara a 2023. Idan kika tura a matsayin fayil kuwa, zai tafi da cikakken ingancinsa da bayanansa duka. Ga baƙuwar mai saye, tura a matsayin hoto. Ga mai wanke hoto, fayil ya kamata, bayan kin cire bayanin wuri, domin wanki mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci: ƙaramin hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar 1200 da 1800, na firem mai inci 8 da 10 kuma 2400 da 3000. Wanda ya zagaya guruf uku kafin ya iso gare ki ba zai kai haka ba, sai ki nemi na asali wurin wadda ta ɗauka.