Kafin a Ɗaura wa Tsohuwar Land Rover Bamban Baya

Masu tsofaffin Land Rover, tun daga Series II da ta fito a 1958 har zuwa Series III da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, sukan zo garejinmu da buƙata iri ɗaya: a ɗaura musu bamba mai kauri a baya, ko ƙugiyar jan tirela, ko matakin hawa. Abin da nake fara gaya musu shi ne, motar nan ba ta fito daga kamfani da bamban baya irin na sauran motoci ba. Ƙarfen da ke gicciye ƙarƙashin ƙofar baya ƙarshen shasi ne. Shi ya haɗa dogayen ƙarafan shasi biyu, a kansa bayan bodi yake zaune, kuma duk abin da za a ɗaura a baya, ƙarfinsa ba zai wuce ƙarfin wannan gicciyen ba.

Matsalar ita ce bodin motar na alminiyom ne, ba ya tsatsa, sai mai mota ya ga jiki sumul ya ɗauka komai lafiya. Shasin kuwa baƙin ƙarfe ne mai rami a ciki. Tayoyin baya suna watsa masa laka duk damina, lakar ta shige ta kwanta da danshinta, ta riƙa cinsa daga ciki kamar yadda gara ke cin azara. Wani dattijo da ya gaji motarsa daga mahaifinsa ya ce da ni, "Malam, ai ko fentin bai tashi ba." Na ce, "Alhaji, matso ka saurara." Na ƙwanƙwasa tsakiyar ƙarfen da guduma, ya yi ƙara tangaran. Na koma kusurwar da ya haɗu da shasi, sai sautin ya mutu, jar ƙasa da ɓawon tsatsa suka zubo masa a kan takalmi. Da na danna bakin sukundireba, sai ya shige. A wurin nan ne yake so a rataya tirelar buhunan masara.

Idan ƙarfen ya kai wannan hali, canza shi ake yi gaba ɗaya, faci ba ya magani. A nan ma gaggawa ke ɓata aiki. Kafin a yanke tsohon, a auna tsayinsa daga ƙasa a gefe biyu, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa, a rubuta. A ɗana sabon da ɗigon walda kawai, a ɗaura notikan bodi, a buɗe ƙofar baya a rufe. In ta rufu ba tare da an ɗaga ta ko an banka ba, sannan a yi walda ta gaskiya. Wayoyin fitilun baya ta cikin shasi suke bi, don haka a janye su tukuna, a cire kan batir. Doguwar motar, 109 mai ƙofa biyar, tankin manta a baya yake, dab da inda za a yi aikin. A sauke shi a kai shi nesa. Tankin da aka juye ma bai zama lafiya ba, domin tururin fetur na ciki shi ke fashewa.

In kuwa ƙarfen yana da ransa, sai batun ɗauri, kuma nan ne na fi ganin ɓarna. Kada a yi wa ƙugiya ko bamba walda a fuskar ƙarfen kawai, da noti ake ɗaurawa, ta ramukan da kamfani ya huda. A bayan ƙarfen a sa faffaɗan faranti mai kauri wanda zai raba nauyin, domin washa ƙarama takan ɓarke ƙarfen ta fito idan aka fizga. Idan dole sai an huda sabon rami, a zura guntun bututu a ciki daidai faɗin ramin shasin. In babu shi, kana ɗaure noti bango biyun suna matsowa, yau ya ɗauru, bayan tafiya ɗaya ya saki.

Notin ma a duba kansa. Mai ƙarfi na awon milimita yana ɗauke da lamba 8.8, wanda babu komai a kansa na ƙofar gida ne. Motocin nan kuma galibinsu an ƙera su da awon inci na Ingila, haƙoran notinsu ba su shiga da na milimita. Yaro ya ji noti ya cije, sai ya ƙara wa sifana bututu ya murɗa da ƙarfi, haƙoran su lalace, a bar shi a haka ana zaton ya ɗauru.

Kada a jingina komai mai nauyi da bodi. Inda ƙarfe ya taɓa alminiyom, a raba su da roba ko fenti, in ba haka ba za ka ga farin gari yana fitowa a kewayen notin, kwanon yana ruɓewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwallon jan tirela. An yi shi ne don tirela mai bin mota a hankali. Masu shiga rairayi da fadama sukan rataya masa igiya su fizgo motar da ta kafe, kuma idan wuyansa ya karye, dunƙulen ƙarfen nan yakan tashi da ƙarfin igiyar ya nufi gilashin motar da ke baya. Ya kashe mutane. Wanda aikinsa ya haɗa da ciro motoci, ya sa a ɗaura masa mariƙi na musamman a jikin shasi. Farantin da ke sauko da ƙwallon ƙasa kuma yana noman ƙasa a gangaren rafi, a kwance shi idan ba tirela za a ja ba.

Bayan an gama, a yi tafiyar farko a hanyar burji a dawo a sake bin kowane noti da sifana. Ƙarshen damina a zura tiyo cikin ramukan ƙarfen a wanke har ruwa ya fito fari, a bari ya bushe sarai, sannan a fesa mai a ciki.