Amsoshin Wasiƙunku: Kwamfuta da Shiga Shekara ta 2000

Wasiƙu biyu ne a gabana yau, a wannan azumi na Disamban 1999.

Ta farko daga wani Alhaji ce, mai shagon atamfa a babbar kasuwar Sokodé. Yana tambaya ko ya kwashe kuɗinsa daga banki kafin 31 ga Disamba saboda matsalar kwamfuta da ake fargaba, kada a maimaita masa ta 1994.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ta 1994 daban take: shugabanni ne suka zauna a Dakar a watan Janairu suka karya darajar sefa da rabi. Matsalar kwamfuta kuwa tuntuɓen lissafi ce. Masu tsara kwamfutocin dā, don tsimin wuri, da lamba biyu suke rubuta shekara, 99 maimakon 1999. Idan ta koma 00, na'ura na iya zaton 1900 ce, sai lissafin bashi, albashi da fansho ya hargitse. Darajar sefarka ba ta taɓuwa. Ka je ka karɓi takardar bayanin asusunka mai hatimi ka adana, ka ciri na cefanen azumi da ɗinkin Sallah. In kowa ya ruga ya kwashe nasa, mu da hannunmu za mu durƙusar da bankin, ɓarayi kuma kakarsu ta yanke saƙa.

Ta biyu daga wani malamin makaranta ce a Dapaong. Shi ya ce wannan fargaba dabarar Turawa ce kawai don su sayar da sababbin kwamfutoci.

Malam, ba ka rasa gaskiya ba, masu gyara sun ci kasuwa, an kuma zuzuta abin. Ranar 9 ga Satumba (9/9/99) ma an yi irin wannan fargaba, ta wuce lafiya. Sai dai Amurka kaɗai an ƙiyasta za ta kashe kusan dala biliyan 100, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Mu nan sikelin auduga da littafin bashin ɗan tireda ba ruwansu da kwanan wata. Inda za a sa ido su ne babban bankin BCEAO, layukan Togo Télécom, tashar jiragen ruwa ta Lomé da manyan motoci ke ɗauko kaya su ratsa garinku zuwa Cinkassé, da wutar da Togo ke saya daga madatsar ruwan Akosombo. Wanda ya ga duhun 1998 ya san tsadar rashin wuta.

Ku tanadi kananzir da batirin rediyo, ku kwantar da hankalinku.