Masaukin Ruwan Zafi a Ƙasar Japan

Ƙasar Japan tana da duwatsu masu aman wuta da yawa, shi ya sa ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a wurare barkatai. Irin wannan maɓuɓɓuga suna ce da ita onsen, masaukin gargajiya da a kan gina kusa da ita kuwa ryokan. Akwai wani a jihar Yamanashi, Keiunkan, wanda aka ce tun shekarar 705 ya ke karɓar baƙi.

In ka sauka, tun daga bakin ƙofa za ka tuɓe takalmi, gama ɗakunan a shimfiɗe su ke da tabarmi masu kauri, watau tatami. Sai a ba ka rigar auduga mai ɗamara, ka nufi wurin wanka. Maza da mata yawanci kowa da nasa ɓangaren, don ba a shiga da tufa.

To, nan ne fa baƙo ya kan sha kunya. Ba don wanke dauɗa a ke shiga ruwan ba. Sai ka fara zama bisa 'yar kujera a gefe, ka cuɗa jikinka da sabulu, ka ɗauraye sarai, sa'an nan ka tsunduma, ka zauna shiru, ruwa iya wuya. Ko tawul ba a barinsa ya taɓa ruwan, a kan ninke shi a ɗora a ka. Dalili kuwa, ruwan na kowa ne, wanda ya shiga da kumfa ya ɓata wa jama'a duka.

Zafinsa ya kan kai digiri 40, ya ɗara na Wikki da ke Yankari nesa, saboda haka kada ka daɗe ciki, jiri ya kwashe ka.